Matsi da Siffar Tsaba a Cikin Tagulla

Jan ƙarfe da baƙin ƙarfe ba halinsu ɗaya ba tsakanin wuta da ruwa. Idan maƙeri ya gasa bakin gatari har ya yi ja, ya tsoma shi a ruwa, tauri yake yi. Idan kuwa wayar jan ƙarfe ce da ta ƙage saboda yawan bugu, aka gasa ta aka tsoma, da laushi take fitowa, har a lanƙwasa ta da hannu. Laushin nan aikin wuta ne, ruwan bai ƙara masa komai ba. Sai dai akwai wasu gaurayen jan ƙarfe masu hali na uku: a gasa su, a tsoma, su yi laushi, sannan a mayar da su wuta mai sauƙi na awa biyu ko uku, su fito da ƙarfin da ya ninka na farko. Babu guduma da ta taɓa su, babu abin da aka ƙara musu. Abin da ya sauya yana can ciki: wasu ƙananan tsaba ne suka fito a jikin ƙarfen, suka matse abin da ke kewaye da su. Yadda matsin nan yake taruwa, yadda yake saki, da siffar da yake tilasta wa tsabar ta ɗauka, su ne ke yanke hukunci a kan ƙarfin tagulla da tsawon ranta.

Wannan ya shafi maƙeran ƙasar Adar da ta Ƙonni, ko da yake ƙasar tama ce da farar ƙasa. Tama ce ta raya maƙeran baƙi da Nicole Echard ta yi nazarinsu a shekarun 1960, farar ƙasa kuma ita ta kawo masana'antar siminti a Malbaza. Jan ƙarfe baƙo ne a nan, daga nesa yake zuwa. A 1353 Ibn Battuta ya sauka a Takedda, wadda masana da dama suke ganin ita ce Azelik ta yankin Ingal, ya tarar ana zuba jan ƙarfe sanda-sanda, ana ciniki da shi a madadin kuɗi, ana kuma kai shi Gobir da Barno. A yau hanyarsa daban ce. Yana shigowa cikin naɗin injinan ban ruwa na gonakin albasar Galmi, cikin wayoyin tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, cikin kan famfo, makullai, da lagireton tsofaffin manyan motocin da ke bi ta Tsarnawa zuwa Tawa ko su tsallaka iyaka zuwa Sakkwato. Idan waɗannan sun mutu, ragowarsu ce ke komawa hannun maƙeran fari da masu zubi, ta zama zobe, munduwa, ƙararrawa ko kayan adon doki irin na hawan sarakuna a Illela da Birnin Ƙonni.

Ƙwayoyin zarra na jan ƙarfe a jere suke, sahu bisa sahu. Mafi ƙanƙantar ɗakin wannan jeri kamar akwati ne mai gefe daidai, da ƙwaya a kowace kusurwa da kuma ɗaya a tsakiyar kowace fuska. Tsawon gefensa nanomita 0.361 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Jan ƙarfe zalla yana riƙe wannan tsari tun daga sanyi har ya narke a digiri 1085, shi ya sa tsomawa ba ta taurara shi. Sai an gauraya shi da wani ƙarfe magana take sauyawa. Tutiya tana shiga sahun ta zauna lafiya har kusan kashi 35 cikin 100, tsarin bai sauya ba, ana kiransa alfa. Idan ta haura haka sai wani tsari ya ɓullo, beta, mai ƙwaya a kusurwoyi da ɗaya tak a cikin tsakiyar akwatin. Wasu ƙarafan kuma, irin su kobalt, kuromiyam, baƙin ƙarfe da beriliyam, jan ƙarfe yana karɓarsu ne da zafi, idan ya huce sai ya nemi fitar da su.

A kan wannan hali aka gina taurarawa ta matakai uku. Ana gasa gaurayen har baƙon ƙarfen ya watsu cikin sahu ƙwaya-ƙwaya. Ana tsomawa da sauri don kada ya samu lokacin fita. Sannan a ɗumama shi daidai gwargwado, yadda ƙwayoyin baƙon za su iya rarrafawa su haɗu su yi tsaba, amma ba za su yi nisa ba. Wani Bajamushe, Alfred Wilm, shi ya ci karo da abin a 1906 yana gwajin alminiyam mai ɗan jan ƙarfe a ciki, ya ga tauri yana ƙaruwa bayan kwanaki ba tare da ya san dalili ba. Sai a 1938 André Guinier a Faransa da George Preston a Ingila, kowa a nasa ɓangaren, suka gano ta hasken eksire cewa ƙwayoyin baƙon suna taruwa ne cikin wasu siraran faya-faye.

Tsaba sabuwar fitowa ba ta yanke hulɗa da uwar ƙarfen da ta fito daga cikinta ba. Sahunta a haɗe yake da na uwar, layi ya shiga ta wannan gefe ya fita ta wancan bai katse ba. Amma tazarar da ke tsakanin ƙwayoyinta ba daidai take da ta uwar ba. Misalinta magini ne da ya sa wasu tubala masu ɗan girma a tsakiyar bango, ya kuma dage sai kowane layi ya haɗu da ɗan'uwansa: dole layukan da ke kewaye su karkace, bangon ya ɗauki nauyin da ba a gani. Wannan karkacewa ita ce matsin, kuma makamashi ne a ajiye. Akwai makamashi na biyu, na iyakar da ke tsakanin tsaba da uwa, wanda yake ƙaruwa da faɗin fatar tsabar. Ƙarfe kullum yana karkata ne zuwa halin da jimillar biyun ta fi ƙasa. Iyaka tana son tsaba mulmulalliya, don ita ce mai mafi ƙarancin fata. Matsi kuwa sau da yawa faifai yake so. Frank Nabarro ya lissafa a 1940 cewa ga tsabar da sahunta ya rabu da na uwa, mulmulalliya ce ta fi tara matsi, allura tana biye, faifai siriri ya fi kowa sauƙi. John Eshelby ya shimfiɗa cikakken lissafin a 1957, har yau kuma da shi ake aiki.

Girma ma yana da ta cewa. Idan faɗin tsaba ya ninka biyu, fatarta ta ninka huɗu, cikinta kuwa ya ninka takwas. Makamashin iyaka yana bin fata, na matsi yana bin ciki. Saboda haka ƙaramar tsaba iyaka ce ke mulkinta, babba kuma matsi. Tsaba ɗaya tana iya farawa a mulmule, ta yi kusurwoyi da ta girma, ƙarshe ta baje ko ta miƙe.

Jan ƙarfe mai kobalt kaɗan shi ne misalin da ya fi sauƙin bi. Tsarin tsabar kobalt irin na uwar ne, tazarar ƙwayoyinta ta gaza da kusan kashi 2 cikin 100 kawai, kuma gazawar daidai take ta kowace fuska. Don haka tsabar mulmulalliya take fitowa, sai ta girma take fara yin kusurwoyi. Kusurwoyin ba su tsaya inda suka ga dama ba. Jan ƙarfe ba taurinsa ɗaya ba ta kowace nahiya: ya fi miƙuwa ta gefen akwatin, ya fi turjiya ta kusurwa zuwa kusurwa, bambancin kuma ya kai ninki uku. Tsabar tana juya fuskokinta ne wajen da uwar ta fi saurin ba da kai, wani lokaci ma tsaba da yawa su jeru layi ta wannan nahiya don matsin wata ya rage na wata. Baƙin ƙarfe ma haka yake yi, da wani ƙarin abin mamaki. Uwar tana tilasta masa ya ɗauki tsarinta, tsarin da shi kaɗai ba ya zama a cikinsa sai ya haura digiri 912. A haka maganaɗisu ba ya jansa. Da zarar an buge ƙarfen ko an murje shi, tsabar ta kuɓuce ta koma tsarinta na asali, sai maganaɗisu ya fara kamawa.

Beriliyam ya fi kawo rikici. Ƙwayarsa ta fi ta jan ƙarfe ƙanƙanta sosai, idan da tsabarsa za ta mulmule, matsin zai yi yawan da uwar ba za ta ɗauka ba. Sai ya taru faifai-faifai a kan fuskokin akwatin, da farko kaurin ƙwaya ɗaya kacal. Ta faɗin faifan sahu yana daidai da na uwa, duk gazawar ta tattara ta kauri, inda babu nisa da za ta yi ɓarna. Gaurayen da ke da beriliyam kusan kashi 2 cikin 100, idan aka gasa shi wajen digiri 790, aka tsoma, aka ɗumama a digiri 315 na awa biyu zuwa uku, ƙarfinsa yana haura megafaskal 1200, alhali jan ƙarfe zalla mai laushi bai wuce 220 da kaɗan ba. Babu gaurayen jan ƙarfe da aka saba sayarwa da ya kai shi. Da shi ake yin ƙananan sifirin na cikin na'urori, da sifana da guduma marasa tartsatsi na wuraren mai da gas.

Kuromiyam kuwa sanda yake yi. Tsarinsa mai ƙwaya a tsakiyar akwati ne, ya saɓa wa na uwar tun daga tushe, babu fuska guda da za su dace ɗari bisa ɗari. Amma idan tsabar ta ɗan juya, akan sami layi ɗaya da tazarar ɓangarorin biyu take haɗuwa daidai, babu miƙewa babu takurewa. Ta wannan layi tsabar take tsawo, ta sauran nahiyoyi ta tsuke. Ulrich Dahmen ya fayyace wannan ƙa'ida a 1982. Ita ce kuma ke bayyana abin da ke faruwa a farin gaci mai jan ƙarfe 60 da tutiya 40, wanda George Muntz ya yi wa rajista a 1832. Da zafi sosai beta ne zalla. Yana hucewa alfa yana fitowa daga cikinsa tsinke-tsinke da faya-faye masu giciye da juna a kusurwoyi tabbatattu, zanen da ake jingina wa Widmanstätten, wanda ya gan shi a 1808 a jikin ƙarfen da ya faɗo daga sama. Wannan kam, ba kamar ƙananan tsaba ba, ganinsa ba ya buƙatar madubin lantarki, ƙaramin madubin ɗakin gwaji ya isa, bayan an goge ƙarfen an shafa masa ruwan sinadari. Saurin hucewa yana ba da tsinke sirara masu yawa, jinkiri yana ba da manya kaɗan.

Dalma tana nuna abin ta ɗaya gefen. Ana sa kashi 2 zuwa 3 cikin 100 a farin gacin kan famfo don ya yanku da sauƙi. Ba ta narkewa cikin sahun jan ƙarfe, kuma tana zama ruwa har zafi ya sauko digiri 327, lokacin da sauran ƙarfen ya daɗe da daskarewa. Ruwa ba ya riƙe karkacewa, don haka iyaka ce kaɗai ke magana, dalmar ta zauna ɗigo-ɗigo.

Sauya siffa hanya ɗaya ce ta rage matsi, ba ita kaɗai ba. Ga hanya ta biyu: idan tsaba ta girma ta kai wani mizani, riƙe kowane sahu a haɗe ya fi ƙarfinta. Sai a sami guntayen sahu a bakin iyaka, wato layin da ya zo ya tsaya bai ci gaba ba. Lissafinsu a fili yake: gazawar kashi 2 cikin 100 tana buƙatar guntu ɗaya bayan kowane sahu 50. Tsakanin azurfa da jan ƙarfe bambancin ya kai kashi 13, don gefen akwatin azurfa nanomita 0.409 ne, sai guntu ya zo bayan kowane sahu 8 ko 9, tsabar kuma ta yi saurin rabuwa da uwa. Wannan ya shafi maƙeran azurfa kai tsaye, domin tsohuwar dalar Mariya Tiriza mai ɗauke da shekarar 1780, wadda aka daɗe ana narkawa a yi kayan ado, azurfarta kashi 83.3 ne cikin 100, saura jan ƙarfe. Hanya ta uku guraben da babu ƙwaya ne a cikin sahu: da zafi suna yawo, su taru inda tsaba ta takura, su ba ta fili. Tare da duk wannan, manyan tsaba suna cinye ƙanana sannu a hankali, lamarin da Lifshitz da Slyozov da kuma Wagner suka lissafa a 1961. Girman yana tafiya da jinkiri, don sai lokaci ya ninka takwas faɗin tsaba yake ninka biyu.

A nan ne abin da ƙarfe yake so ya saɓa da abin da mai aiki da shi yake so. Ƙarfe yana lanƙwashewa ne saboda guntayen sahu suna zamewa a cikinsa. Matsin da ke kewaye da tsaba shi ne yake tare musu hanya. Tsaba ƙanana sosai, guntun sahu yana yanka su ya wuce. Manya masu nisa da juna, waɗanda suka riga suka saki matsinsu, yana kewaye su ya wuce, kamar yadda Egon Orowan ya bayyana a 1948. Ƙololuwar tauri tana tsakani, kuma gajere ne lokacinta. Wanda ya bar ƙarfen a wuta ya wuce wannan gaɓa ya yi asarar wahalarsa, sai ya koma matakin farko. Fa'ida ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Baƙon ƙarfe da ke warwatse ƙwaya-ƙwaya yana dagula tafiyar lantarki, idan ya tattara cikin tsaba sai uwar ta tsarkaka. Shi ya sa jan ƙarfe mai kuromiyam kusan kashi 1 cikin 100, bayan an ɗumama shi tsakanin digiri 450 da 500, yake haɗa tauri da ɗaukar wuta kusan kashi 80 cikin 100 na jan ƙarfe zalla, ake kuma yin bakin injin walda mai ɗinke kwano da shi. Gaurayen nikel da silikon da Michael Corson ya fito da shi a shekarun 1920, mai tsaba faifai-faifai, shi ne a cikin ƙafafun na'urorin lantarki da yawa.

Akwai sauyin tsarin da ba ya jiran ƙwayoyi su yi rarrafe. Sahu ne gaba ɗaya yake gocewa lokaci guda, kamar yadda yake faruwa a bakin gatarin da aka tsoma. Matsinsa babba ne, hanyar rage shi kuma ta musamman ce: sabon tsarin yana fitowa faifai siriri, cikinsa a yanyanke, wani sashe ya goce dama wani hagu, faya-fayen kuma su haɗu rukuni-rukuni yadda gocewar ɗaya take share ta ɗaya. Tagulla mai kuza kashi 22 cikin 100 idan ta huce a hankali tana yin wani tsari mai gautsi, guduma ɗaya ta tarwatsa ta. Maƙeran Koriya da na Kerala a Indiya sun daɗe da sanin maganin: a buge ta tana ja, a tsoma ta kafin ta huce, sai ta fito da cikin allurai masu riƙe juna, a yi kwano mai amo da ita. Gaurayen jan ƙarfe da tutiya da alminiyam ya kai abin matuƙa. A lanƙwasa shi da sanyi, faya-fayen su sauya wuri ba tare da sahu ya tsinke ba, a ɗumama shi ya koma siffarsa ta farko.

Matsin da bugu da lanƙwasawa suke bari a jikin kaya ya fi na tsaba faɗi, amma shi ma sai an sake shi. Sojojin Ingila a Indiya sun sha ganin kwanson harsashi na farin gaci yana tsagewa da kansa a damina. A 1921 Moore da Beckinsale da Mallinson suka tabbatar da dalilin: iskar amoniya, irin wadda ke tashi daga fitsarin dawaki a barga, ta haɗu da danshi da matsin da ya rage tun daga masana'anta. Maganin shi ne a ɗumama kayan tsakanin digiri 250 da 300 bayan an gama ƙira, zafin da ya isa ya saki matsin bai isa ya kawar da tauri ba. Wannan darasi ya dace da ƙasar da ake ajiye kayan doki kusa da turke, ake kuma jingine injin ban ruwa a ɗaki ɗaya da buhunan takin yuriya. Akwai kuma sakin da ba a so. Ɗan harshen soket da ke riƙe fulogi da ƙarfin sifirin yana sakewa sannu a hankali idan ya daɗe da zafi, riƙon ya yi sako-sako, wurin ya ƙara zafi, sakin ya ƙara sauri. A garin da zafin Afrilu da Mayu yake haura digiri 40, farin gaci mai araha yana saurin kai wa wannan hali, gaurayen da tsaba ta taurara kuwa yana jurewa, domin tsabar tana riƙe guntayen sahu a inda suke.

Babbar matsalar mai zubi da tsofaffin ƙarafa ita ce bai san abin da ke cikin tukunyarsa ba, kuma kowace narkawa tana sauya shi. Tutiya tana tafasa a digiri 907, ƙasa da zafin da ake zuba farin gaci, farin hayaƙin nan da ke tashi ita ce take gudu. Ƙarfen da aka narka sau da yawa yana ƙara ja, beta yana raguwa, abin da dā yake buguwa da zafi ya koma wanda ya fi son bugun sanyi. Guntun kan famfo ɗaya yana shigar da dalmar da za ta sa irin wannan ƙarfe ya tsage a ƙarƙashin guduma idan yana ja, kuma ba ta dace da cokali, kwano ko abin da yaro zai sa a baki ba. Ƙananan sifirin na cikin tsofaffin na'urorin lantarki sun fi haɗari, domin wasunsu na beriliyam ne, ƙurarsa da hayaƙinsa suna jawo ciwon huhu da ba ya warkewa, ido kuma ba ya bambanta su da sauran tagulla. Ware ƙarafan tun kafin su shiga wuta, wayar lantarki daban, lagireto daban, kan famfo daban, sifirin da ba a san asalinsu ba a waje, shi ne abin da yake hannun maƙeri. Wayar lantarki jan ƙarfe ce kusan zalla, don haka ita ce tushen da ya fi aminci ga wanda yake son ya auna gaurayensa da sikeli ya sami irin sakamakon jiya a zubin yau.